Tun a ciki aka gaji sikila, to ina ciwon yake ɓuya har wata shida?

Ɗan_Rafindadi
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya ce da ni, rabinta ta makaranta, rabinta ta gida. Ina aji uku a jami'a a nan Katsina, kuma wannan zangon muna kan darasin yadda sel yake kwafar saƙo daga DNA zuwa RNA, da yadda ake buɗe wata ƙwayar gado a rufe wata. Sunayen na haddace su, amma abin bai zauna mini ba. Ana cikin haka sai ɗan yayata, watansa bakwai, ya wayi gari bayan hannayensa da ƙafafunsa sun kumbura suntum, ko zani ya goge shi sai ya tsala ihu, ya ƙi kama nono. A asibiti aka auna aka ce SS ne. A bakin gadon yayata ta riƙe ni da tambayar da na kasa amsawa: in tun a ciki ya gaji abin, ina ciwon ya shiga duk watannin nan da yaro yake ɓul-ɓul? Kakarsa kuma ta kafe a kan cewa baki ne ya kama shi, don kowa ya zo sai ya yaba ƙibarsa. Jikina yana ba ni amsar tana cikin darasin nan namu. Don Allah wanda ya sani ya warware mini da Hausa, yadda zan iya maimaita wa yayata.

Maman_Tagwaye
Wa'alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce. Nawa ma da kumburin yatsu ya fara, yana wata takwas. Yanzu shekararsa tara, yana zuwa makaranta. Ka ce wa yayarka ta daure, ta kiyaye shi da sanyin asuba, kuma zazzaɓi ko kaɗan ne kada ta kwana da shi a gida. Ni ma ina nan ina jiran amsar, don har yau ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya yi mini bayanin.

Malam_Bayoloji_KT
Amin. Ƙanena, kafin a zo kan jinin yaron bari mu fara aza tubali. Sel shi ne ɗan ƙaramin ɗakin da aka gina jiki da irinsa. Ƙwayar gado kuma wani yanki ne na DNA mai ɗauke da umarnin haɗa abu guda, galibi furotin.

Ga yadda nake koya wa ɗalibaina na sakandare. Ka ɗauki malamin zaure mai tsohon kundi da ya gada. Kundin nan ba ya fita daga ɗaki. In ana bukatar wani abu a ciki, sai a shigo da allo a kwafi wannan shafin kaɗai, a fita da allon a yi aiki da shi, in an gama a wanke. Kundin shi ne DNA, ɗakin shi ne cibiyar sel, allon shi ne RNA ɗan aike, mai rubutun kuwa wani enzayim ne, wato furotin mai gudanar da aiki a cikin sel, da ake kira RNA folimares. Haruffan kundin huɗu ne, A da T da G da C, wajen biliyan 3 daga uwa, wasu kamarsu daga uba. A kan allo, duk inda T za ta zo U ake rubutawa. Can waje ribosom, injin haɗa furotin, ke bin allon harafi uku-uku yana jera amino asid, tubalan furotin, har furotin ya haɗu.

Ƙwayoyin gadon da ke haɗa furotin a jikin ɗan Adam wajen 20,000 ne. Sel ɗin hanta da na ido da na ɓargo duk kundi ɗaya ne a hannunsu. Abin da ya raba su shi ne wane shafi kowa ya buɗe, allo nawa ya kwafa, kuma yaushe. Ka riƙe "yaushe" ɗin nan da kyau, amsar yayarka tana wajen.

Nas_Kofar_Sauri
Malam, a yi mini afuwa, ɗan gyara. Ba kowane sel ke riƙe da kundin ba. Jan sel na jini in ya nuna yana yar da cibiyarsa gaba ɗaya kafin ya shiga jini, ya yi kwanansa wajen 120 babu DNA a cikinsa. Na mai sikila ma ba ya kai haka, kwana 10 zuwa 20 ya fashe, shi ya sa jininsu ke yawan yin ƙasa. Ke nan duk kwafin da ake magana a cikin ɓargo ake gama shi, tun sel ɗin yana ɗanye.

Malam_Bayoloji_KT
Gaskiyarki, Sista, na karɓi gyara. Har da wasu fararen sel na garkuwar jiki, su yanka DNA ɗinsu suke yi su sake ɗinkewa don su iya gane cututtuka iri-iri. Amma in aka cire irin waɗannan, maganar tana nan.

Likitan_Yara_01
@Ɗan_Rafindadi, sannu da jinya. Jikinka bai yi maka ƙarya ba, amsar tana cikin darasinku.

Hemogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, ba iri ɗaya mutum ke amfani da shi daga ciki har tsufa ba. Sarƙa huɗu ce ke haɗa shi. A babba, alfa biyu da beta biyu. A ɗan tayi, alfa biyu da gama biyu, shi ne muke kira HbF, kuma ya fi na babba kama oksijin, don ɗan tayi daga jinin uwarsa yake janyowa ta mabiyiya. To, kuskuren sikila a ƙwayar gadon beta yake, a kan kuromosom (ƙunshin DNA) na 11. Harafi ɗaya ne tak ya sauya, GAG ya zama GTG, sai amino asid na shida a sarƙar ya zama balin maimakon gulutamik asid. Ƙwayar gadon gama kuwa lafiyarta ƙalau.

Ranar da aka haifi ɗan yayarka, mafi yawan hemogulobin ɗinsa HbF ne. Shafin da ke da kuskuren yana nan a kundin tun ranar da aka ɗauki cikinsa, sai dai ba a cika kwafarsa ba tukuna. Daga dab da haihuwa jiki ke fara rage kwafar gama yana ƙara ta beta, sannu a hankali, har wajen wata shida beta ta rinjaya. A babba mai lafiya HbF ba ya kai kashi 1 cikin 100. Da HbF ya ja baya sai HbS, hemogulobin mai kuskuren sikila, ya samu fili, in oksijin ya yi ƙasa ya harhaɗe kamar sanduna, sel ya lanƙwashe kamar lauje ya toshe ƙananan hanyoyin jini. A jariri ƙananan ƙasusuwan hannu da ƙafa cike suke da ɓargo mai aiki, shi ya sa kumburin ke farawa daga nan. Wata likitar yara a Amurka, Janet Watson, ita ta lura da wannan tun 1948, cewa jinin jarirai bai cika lanƙwashewa ba, ta kuma danganta shi da hemogulobin ɗin tayi.

Ka gaya wa kakarsa da ladabi, ba bakin kowa ba ne. Ta ci gaba da yi masa addu'a, amma a riƙe asibiti.

Ɗan_Rafindadi
Allahu Akbar. Likita, wallahi sau uku na karanta. Amma ga inda nake maƙalewa, kuma nan ne jarrabawarmu take: wa ke rufe gama ya buɗe beta? Malam ya ce ana buɗe shafi, to a cikin sel babu wani malami zaune yana zaɓa. Mene ne hannun da ke buɗewar?

Yar_Kusugu
Wannan ita ce tambayar. Ni daga Daura nake, ina digiri na biyu a wannan fannin, bari in gwada.

Mu fara da matsalar wuri. DNA ɗin sel guda in aka miƙe shi ya kai wajen mita 2, ga shi dole ya shiga cibiyar da ido ba ya gani. Don haka naɗe shi ake yi kamar zare a jikin kwarkwaro. Kwarkwaron shi ne furotin histon guda takwas a dunƙule, zaren haruffa wajen 147 ya zagaye shi kusan sau biyu, sai ɗan fili, sai wani kwarkwaron. Inda naɗin ya yi tsauri, mai kwafi ba ya samun wurin zama, shafin a rufe yake ko da lafiyarsa lau. Akwai enzayim masu liƙa wa histon ɗan sinadarin asetil, naɗin ya saki, akwai masu cire shi, naɗin ya koma ya ɗaure. Akwai kuma masu liƙa metil a kan harafin C da G ke bi masa, in suka yi yawa a bakin ƙwayar gado galibi sai ta yi shiru. Wannan mataki na farko ke nan, kafin a rubuta ko harafi ɗaya.

Na biyu, ko wurin a buɗe yake, folimares na halittu irinmu ba ya fara aiki shi kaɗai. Ni ɗaurin aure nake tunawa da shi: ango yana nan, amarya tana nan, amma sai waliyyi da wakili da shaidu sun hallara. A bakin ƙwayar gado akwai wurin taruwa, furomota. Wasu furomotocin suna da jerin TATA, haruffa 25 zuwa 30 kafin inda za a fara. Gungun furotin mai suna TFIID ke fara sauka, ta hannun wani ɓangarensa, TBP, ya lanƙwasa DNA ɗin. Sai TFIIA da TFIIB, sai folimares na biyu ya iso tare da TFIIF, sai TFIIE, sai TFIIH. Shi wannan na ƙarshen aiki biyu yake yi, ya warware igiyoyin DNA biyu, ya kuma liƙa fosfet a wutsiyar folimares, sannan a sallame shi ya kama hanya.

Amma waɗannan kusan kowace ƙwayar gado suke zuwa wa, ba su ne masu zaɓe ba. Masu zaɓen wasu furotin ne daban, sama da dubu a jikin mutum, kowanne yana gane wasu 'yan haruffa ya dafe a kansu. Wasu masu zuga ne, wasu masu hanawa. Wurin da suke dafewa yana iya yin nisan dubban haruffa daga ƙwayar gadon, amma da yake DNA zare ne sai ya lanƙwaso, kamar yadda bakin rawani biyu ke haɗuwa in an naɗa, nesa ta zo kusa. Wani babban gungun furotin, Mediyeta, shi ke shiga tsakani ya kai saƙonsu ga folimares.

Yanzu koma kan kuromosom na 11. Ƙwayoyin gadon gulobin a jere suke bisa tsarin da ake amfani da su: efsilon na farkon ciki, gama guda biyu, delta, sannan beta. Can gabansu akwai wani yanki mai ƙarfin zuga da ake kira LCR. A tayi yana lanƙwasowa ya taɓa gama. Bayan haihuwa wani furotin mai hanawa, BCL11A, yana yin ƙarfi a sel ɗin ɓargo, ya zauna a bakin gama, ya kira masu ɗaure naɗi, sai LCR ya tsallake ya koma kan beta. Hannun da kake tambaya ke nan. Ɗakin binciken Stuart Orkin a Boston ne ya nuna aikin BCL11A a 2008.

Injiniya_Batagarawa
Ni ba fannina ba ne, amma ina bi. Hajiya, kin ce furotin ne ke buɗe ƙwayar gado, shi furotin ɗin kuma wata ƙwayar gado ce ta haɗa shi. To ita wa ya buɗe ta? Kamar zancen kaza da ƙwai nake gani.

Yar_Kusugu
Haka ne, Injiniya, sarƙa ce. In ka bi ta baya za ka tarar da ƙwan uwa, wanda tun kafin a yi cikin yana ɗauke da furotin da RNA da uwa ta zuba masa. Su ke tayar da na farko, na farko su tayar da na biyu. Daga nan kuma sel yana jin maƙwabtansa da saƙonnin da jini ke kawowa.

Ɗan_Rafindadi
Anti, Allah ya ƙara basira. Kin ce folimares na biyu. Na ɗaya da na uku fa? A takardar da aka ba mu an jera su ne kawai.

Malam_Bayoloji_KT
Na ɗaya yana kwafar manyan RNA da ake gina ribosom da su. Na uku yana kwafar tRNA masu dakon amino asid, da wani ƙaramin RNA na ribosom, 5S. Na biyu shi ke rubuta allon da muke magana. Robert Roeder da William Rutter suka rarrabe su uku a 1969. Bakteriya kuwa guda ɗaya gare ta, ba ta da cibiya, tun ana rubuta allon ribosom ya hau karantawa. In aka ce ka bambanta su a jarrabawa, daga nan za ka fara. Roger Kornberg ya samu kyautar Nobel a 2006 don ya fito da siffar folimares na biyu yana tsakiyar aiki, kuma da yis ya yi binciken, irin wanda ake kumbura burodi da shi.

Famasis_Kofar_Kaura
Wannan bambancin da Malam ya faɗa kullum muna miƙa shi ta kanta. Rifamfisin, maganin tarin fuka mai sa fitsari ya yi ja, folimares na bakteriya yake toshewa, namu kuma siffarsa daban ce, bai kama shi ba.

Amma abin da ya fi damuna shi ne deksametason da 'yan mata ke sha don ƙiba. Mutane sun ɗauka ƙaramin magani ne. Shi fa ratsa sel yake yi, ya kama wani furotin da ke jiransa, su shige cibiya tare su dafe a kan DNA, su buɗe wasu ƙwayoyin gado su rufe wasu. Rufe na kumburi shi ne amfaninsa a hannun likita. In aka daɗe ana sha, fuska ta yi taf, sukari da hawan jini su taso, ƙashi ya yi rauni, jiki kuma ya rage haɗa nasa sinadarin. Watan jiya wata yarinya ta zo saye, fuska kamar an hura, ƙafafu sirara, fatar hannunta duk ta yi zane-zane. Na hana ta, na ce ta je asibiti a rage mata a hankali, don yanke shi farat ɗaya ma haɗari ne.

Abu_Sadiq_Daura
To ai ga mafita. Na ji wani a bidiyo yana cewa abinci da tunani mai kyau suna canza ƙwayoyin gado. In haka ne me zai hana a nemo abincin da zai sake buɗe gama ɗin nan, a huta da asibiti?

Likitan_Yara_01
Malam Abu, a yi hattara da masu bidiyon nan, da yawansu magani suke son sayarwa. Gaskiya ne yunwa da hayaƙin taba da wasu abubuwa suna taɓa alamomin metil. An gani a mutanen da suke ciki lokacin yunwar Holan ta 1944 zuwa 1945. Amma wannan sauya yadda ake karanta shafi ne, harafin da ke rubuce bai motsa ba. GTG ɗin nan ko zogale nawa aka ci yana nan GTG. Abinci mai kyau da ruwa da yawa suna taimakon mai sikila ƙwarai, amma ba su mai da SS ya zama AA.

Sai dai tunaninka na sake buɗe gama, shi likitoci suka daɗe suna bi. Haidiroksiyuriya yana ƙara HbF, yana rage yawan tashin ciwon, kuma ana ba yara. Likita ne ke yanke adadinsa, ana kuma auna jini a kai a kai, ba maganin da za a saya a gwada ba ne. Sannan a ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da Casgevy. Ana ciro sel masu haifar jini daga jikin mara lafiya, a yi amfani da CRISPR, almakashin yanka DNA, a lalata wurin zugar BCL11A da ke aiki a jan sel kaɗai, a mayar masa. Ku lura, ba a gyara kuskuren beta ba. Mai hanawar aka raunana, gama ta farka.

Maman_Tagwaye
Likita, nawa ne kuɗinsa? Don Allah faɗa mini gaskiya.

Likitan_Yara_01
Hajiya, farashin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne, ban da jinya. Kuma sai an ba mutum magani mai ƙarfi da zai share ɓargonsa kafin a mayar da sel ɗin, wanda yana iya hana haihuwa. Ba na son in sa miki rai a kan abin da bai iso mu ba. Abin da ke hannunmu yau shi ne rigakafi, maganin kariya daga maleriya, gidan sauro, folik asid, da haidiroksiyuriya ga wanda ya dace.

Maman_Tagwaye
Na gode. Allah ya kawo mana shi da sauƙi, ko jikokinmu su samu.

Bafulatanin_Sandamu
Ina da tambaya a gefe, ku yi haƙuri. Mu a gida madarar da aka tatso yanzu muke sha, da ɗuminta, ƙwarya guda, ba abin da ke samunmu. Abokina da muka yi makaranta a Daura in ya sha kofi ɗaya cikinsa ya dinga kuka ke nan har dare, amma fura da nono yana sha lafiya. Wannan ma buɗewa da rufewa ne?

Yar_Kusugu
Shi ne sak, kuma misali ne mai kyau. Kusan kowane jariri yana haɗa laktes, enzayim ɗin da ke narkar da sukarin madara. A yawancin mutanen duniya bayan yaye ana rage kwafar wannan ƙwayar gado. Wasu al'ummun makiyaya sun gaji sauyin harafi ɗaya da ke hana a rufe ta, kuma an samu wannan sauyin a Fulani da yawa. Abin da zai burge @Ɗan_Rafindadi shi ne sauyin ba a cikin ƙwayar gadon laktes yake ba. Yana can nesa da haruffa wajen 14,000, a cikin wata maƙwabciyarta mai suna MCM6, a wurin zuga. Lanƙwasowar rawanin nan dai. Abokinka kuma nonon da ya yi tsami bakteriya sun riga sun cinye wani ɓangare na sukarin, shi ya sa yake ɗaukarsa.

Baba_Manomi_Mashi
Ni karatuna bai yi nisa ba, ɗana ke karanta mani wanga zance. Ku tambayar mani malaman: mi ya sa dawarmu ta gida, kaura ko farafara, wanda ya shuka da ruwan farko da wanda ya makara da sati ukku, kusan tare suke fidda kai in damina ta zo ƙarshe? Shekara arba'in ina ganin haka.

Malam_Bayoloji_KT
Baba, barka da warhaka. Dawar gida tsawon dare take aunawa. Ganyenta yana da furotin masu jin haske. Muddin rana tana da tsawo, akwai mai hanawa da ke danne ƙwayar gadon fure. In dare ya fara tsawo wajen ƙarshen damina sai dannewar ta saki, ganye ya haɗa wani ɗan furotin ya aika shi can ƙololuwar kara, a daina yin ganye a fara yin kai. Da ta wuri da ta makara dare ɗaya suke kwana, shi ya sa suke amsawa kusan tare, sai dai ta wurin ta fi tsawon kara.

Ɗan_Rafindadi
Jama'a mun yi nisa, har gona mun je, kuma ina jin daɗi. Amma saura guda a darasin. An ce bayan an kwafa ana yanke RNA ɗin. In za a yanke a zubar, don me aka wahala aka kwafa?

Tela_Mai_Digiri
Wannan bari tela ya amsa, na karanci fannin kafin in gaji shagon mahaifina. Abin da folimares ya fara fitarwa kamar yadi ne da ba a yanka ba. Tun yana fitowa ake sa masa hula a kai, a ƙarshe a ɗaura masa jela ta harafin A wajen 200, su ke kare shi daga lalacewa, su kuma ba shi izinin fita daga cibiya. A tsakiya akwai guntayen da ake cirewa, intiron, da waɗanda ake haɗewa, ekson. Beta gulobin ekson uku gare ta da intiron biyu, ƙarama ce. Amma ƙwayar gadon distirofin ta tsoka ta haura haruffa miliyan 2, kwafarta kaɗai tana cin wajen awa 16, in an gama yanka abin da ke saura wajen 14,000 ne.

Amfanin shi ne yadi ɗaya ba riga ɗaya yake bayarwa ba. Sel ɗin ƙwaƙwalwa yana iya barin wani ekson, na tsoka ya cire shi, a samu furotin biyu daga ƙwayar gado ɗaya. Richard Roberts da Phillip Sharp suka gano wannan yanke-yanken a 1977. Kuma in almakashi ya kauce da harafi ɗaya rigar ta ɓaci, wasu nau'o'in talasemiya, ciwon ƙarancin jini da ake gada, daga nan suke.

Yar_Kusugu
Tela ya gama magana. Ƙari ɗaya: ko allon ya fita, akwai ƙananan RNA da ke bin sa su hana a karanta ko su sa a wanke shi da wuri. Victor Ambros da Gary Ruvkun suka samu Nobel a kansu a 2024.

Ummu_Hanan
Ni duk abin nan darasi ɗaya na ɗauka, a yi gwajin jini kafin a sa rana, ba bayan an kai lefe ba. AS da AS kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS. Kowane ciki, ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu ba.

Abu_Sadiq_Daura
Gaskiya ne, amma a yi wa waɗanda suka riga suka yi aure uzuri. Yayar wannan bawan Allah tana asibiti da jariri, ba yau ce ranar wannan maganar ba.

Ummu_Hanan
Haka ne. @Ɗan_Rafindadi ka yafe ni, ba da yayarka nake ba.

Ɗan_Rafindadi
Babu komai, Anti. An sallamo su jiya da la'asar, kumburin ya saɓe, ya kama nono. Da daddare na zauna da yayata a tsakar gida na ɗauko allon ƙanenmu na yi mata misalin Malam. Na ce jini iri biyu Allah ya rubuta wa yaron, na ciki da na waje, na cikin lafiyayye ne, shi ya riƙe shi wata shida, yanzu ne aka juya shafi. Ta yi shiru, sannan ta ce, ashe ba wani abu na ci ko na yi sakaci da shi ba. Ashe abin da ke cinta ke nan tun ranar, ba ta faɗa wa kowa ba. Kaka dai ta ce ta ji, amma ba za ta fasa tofa masa addu'a ba, na ce ai ba wanda ya hana.

Sai dai yayata ta sake jefo mini wata. A unguwarmu akwai gida mai 'ya'ya biyu SS, uwa ɗaya uba ɗaya. Ɗaya kusan duk wata yana gadon asibiti, ɗayar sai ta shekara ba a ji ta ba. Tana so ta san nata wanne zai bi.

Likitan_Yara_01
Alhamdu lillahi da sauƙi. Wani ɓangare na amsar shi ne ba kowa ke rufe gama daidai da wani ba. Akwai bambance-bambancen da ake gada a wurin zugar BCL11A da wasu wurare, wani sai ya girma da HbF mai ɗan yawa, ciwon ya zo masa da sauƙi. Ko 'yan uwa ba lallai su gaji iri ɗaya ba. Nau'in sikilar Senegal da na gabashin Saudiyya da Indiya an san su da yawan HbF, wanda ya fi yawa a Najeriya kuwa, nau'in Benin, nasa bai kai haka ba. Gadon alfa talasemiya ma yana sauya lamarin, ga maleriya, ga sanyi, ga ƙarancin shan ruwa. Ba wanda zai iya faɗa mata tun yanzu. In ya ƙara girma ana iya auna HbF ɗinsa, ta tambayi likitansu a zuwa na gaba, ta kuma tambaye shi zancen haidiroksiyuriya.

Maman_Tagwaye
Likita, wannan awon na HbF, yaro mai shekara tara ma ana yi masa? Mu ranar Talata za mu koma.